Labari ya shafi ɗan'uwanka: janyewa ko bayyanawa?

Ana yawan tambaya: idan labari ya taɓa ɗan'uwan mai gabatar da shiri a talabijin, ya janye ne, ko ya sanar da masu kallo alaƙar ya ci gaba?

Bayyanawa ba ta da tsada, jimla ɗaya ce a farkon shiri. Sai dai naka naka ne, tambaya mai zafi takan maƙale a maƙogwaro.

Janyewa na buƙatar madadi, kuma dole ta haɗa da ƙaurace wa taron editoci da wayar bayan fage kan labarin. Nan Chris Cuomo, tsohon mai gabatar da shiri a tashar CNN ta Amurka, ya yi tuntuɓe: ya daina kawo labarin wansa Andrew, gwamnan New York a lokacin, amma yana taimaka masa a ɓoye. CNN ta sallame shi a Disamba 2021.

Ƙaramar tasha da dangantaka ta nesa, bayyanawa ta wadatar. Idan uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko akwai zargi, janyewa ta fi.