Wata takwas ina nutso da tsohuwar regileta mai tiyo biyu

A kasuwar tsofaffin kaya ta nan Marsey, a kudancin Faransa, na ga wannan regileta, wato na'urar da mai nutso ke shaƙar iskar tukunyarsa ta cikinta, cikin wani kwali tare da fitilun jirgin ruwa da tsoffin makullai. Gwangwani ne na ƙarfe mai faɗin murfin ƙaramar tukunya, tiyo biyu baƙaƙe masu ƙunci-ƙunci sun fito daga jikinsa sun haɗu a abin da ake ciza a baki. A fuskarsa an rubuta Mistral, da sunan kamfanin La Spirotechnique. Mai kayan ya ce mini lafiyarta ƙalau. Na saya, ko da yake tun a hannu na ji tiyon ya bushe kamar ƙirgi.

Shekarata 6 ina nutso kafin wannan rana, kuma duk da regileta ta zamani mai tiyo ɗaya na koya. Na faɗi wannan da wuri ne don shi ne sharaɗin duk abin da zan ce. Wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska ba, ya fara zuwa wurin malami ya karɓi takardar shaida. Tsohon kaya ba wurin koyon nutso ba ne.

Akwai wani dattijo a ƙungiyarmu da ya fara nutso tun lokacin da irin waɗannan na'urori suke sababbi a shago. Ni Baba nake ce masa. Na kai masa ita ina murna, ya juya ta sau biyu, ya ce, "Yarona, ƙarfen ka saya. Robar kuwa sai mun sake ta duka." Muka buɗe gwangwanin a kan teburinsa. Tantanin roba da ke ciki, wanda yake shimfiɗe kamar fatar ganga, ya ƙage. Bawul ɗin fitar da numfashi, wanda masu nutso ke kira bakin agwagwa saboda siffarsa, ya narke ya manne da ƙarfe, sai da aka kankare shi. Muka yi odar sabon tantani na silikon, sababbin tiyo, sabon bakin agwagwa, da abin baki mai ƙananan bawul guda biyu da ke hana ruwa komawa cikin tiyo. Kuɗin waɗannan ya fi abin da na biya mai kwali, kuma duk mai shirin shiga wannan harka ya sa haka a lissafinsa. Abin da ya faranta mini rai shi ne yadda cikin yake da sauƙi. Mistral, wadda ta fito a 1955, mataki ɗaya take rage matsin iska: liba biyu, sifirin, ɗan bawul, da wani siririn bututu mai fesa iska kai tsaye cikin tiyon shaƙa. Cikin rabin yini na gane aikin kowane ƙarfe. Regileta ta zamani shekara 6 ina shaƙa daga gare ta ban taɓa ganin cikinta ba.

Baba ne ya ba ni labarin dalilin tiyo na biyu, kuma labarin ya fi duk wani bayani amfani a gare ni. A farkon 1943 Jacques Cousteau, shahararren mai nutso ɗan Faransa, ya gwada na'urar farko da injiniya Émile Gagnan na kamfanin Air Liquide ya haɗa, a kogin Marn kusa da Faris. A wannan gwaji mafitar numfashi tana wajen baki, na'urar kuma tana baya. Idan ya kwanta a miƙe cikin ruwa komai daidai, idan ya tsaya iska ta yi ta zuba ba tsayawa, idan ya kifa kai ƙasa ta yi wuyar ja. Maganin da suka samo shi ne su mayar da numfashin da aka fitar ta wani tiyo zuwa jikin tantanin, mashiga da mafita su zama a zurfi ɗaya. Da wannan gyara suka shiga teku a Bandol a bazarar shekarar, Cousteau da abokansa Philippe Tailliez da Frédéric Dumas. Bandol ba ta kai tafiyar awa guda daga inda nake zaune ba.

Wannan magana ta zurfi ita ce dukan sirrin na'urar, kuma ita ce ta wahalar da ni a ranar farko. Tantanin yana jin nauyin ruwan da ke daidai inda yake, huhu kuma yana jin na inda yake. Tazarar taƙi guda tsakaninsu ƙirji yana sanin ta. A wurin wanka na ƙungiya na ɗaura tukunyar yadda na saba, can sama kusa da ƙeya. Da na kwanta rub da ciki ina iyo, sai na ji kamar ina zuƙar fura mai kauri ta tsinken kara. Na fito na ce wa Baba akwai abin da muka ɗaura ba daidai ba a ciki. Bai ko taɓa gwangwanin ba. Ya sassauta maɗauri, ya sauke tukunyar har na'urar ta zauna tsakanin kafaɗuna, manne da baya, ya ce in koma. Numfashi ya sauko nan take.

Ko an ɗaura ta daidai, halinta yana sauyawa da yadda jiki ya juya. Rub da ciki akwai ɗan ja. Idan ka ɗan ɗaga kafaɗa sama da ƙugu, ya yi laushi. Idan ka juya rigingine, iska ce za ta cika maka kumatu tana turo kanta. A saman ruwa, da zarar ka saki abin bakin ya yi sama da gwangwanin, iska za ta riƙa fita da ƙarfi har sai ka dulmiya shi. Babu maɓallin da ake dannawa a kori ruwa kamar na zamani. Idan ruwa ya shiga, ko dai ka ɗaga abin bakin sama da kanka iska ta share shi, ko ka mirgina ta gefen tiyon fitarwa, a tawa na hagu ne, ka hura. Mako 3 na yi ina maimaita wannan a ruwan da bai wuce ƙirjina ba kafin Baba ya yarda in kai ta teku, kuma ina ganin bai tsawaita ba.

Wani hali nata da ya saɓa wa abin da na saba: tana ɗan tauri sa'ad da tukunya take cike, tana ƙara laushi yayin da iska ke raguwa, domin matsin tukunyar ne ke danne bawul ɗin a rufe. Ma'ana, daɗin numfashi ba alama ba ce ta cewa akwai sauran iska. Ga shi kuma ba ta da ramin da za a ɗaura agogon matsi, ko tiyon hura rigar iska mai ɗaga mutum sama, ko regileta ta biyu. Mutanen da suka yi zamani da ita tukunya mai ajiya suke ɗauka, idan bawul ɗin ajiyar ya tare iska numfashi ya fara tauri su ja wata sanda a gefe a sako musu ragowar iskar su hau. Ni ban bi wannan hanya ba. Dokar nutso a ƙungiyoyin Faransa ta ce wanda ke nutso ba ƙarƙashin jagora ba dole ya kasance da abin da zai ba abokinsa iska ba tare da sun yi karɓa-karɓa da abin baki ɗaya ba, da kuma abin hurawa da zai ɗaga shi sama. Sa'a ita ce tukwanen nan da yawa baki biyu gare su. Sai na ɗaura Mistral a ɗaya, regileta ta zamani da agogonta da tiyon riga a ɗayan. Masu son komai ya zama na da za su ce na gurɓata abin. Na ji, amma a haka shugaban nutso yake barina in hau jirgi, a haka kuma abokin tafiyata yake samun natsuwa. Tukunyar ma ba na cika ta fiye da bar 150 na matsin iska idan da tsohuwar zan shiga, saboda ba na son in ɗora wa maƙalinta nauyin da ya fi na zamaninta. Tsohuwar tukunya kuwa, kowace iri ce, ba a hura mata iska sai an leƙa cikinta an kai ta gwajin matsi.

To me ya sa nake wannan ɗawainiya?

Ranar da na fara shiga da ita kusa da tsibiran Friyul da ke gaban Marsey, a zurfin mita 12, na tsaya gaban wani dutse na fitar da numfashi, sai ban ga komai ba. Shekara 6 duk numfashin da na fitar kumfa ce ke tasowa ta gefen kumatuna, ta rufe gilashin fuska, ta yi ruri a kunne. A nan kumfar ta bayan wuya take fita, ƙararta can nesa kamar ana zuba ruwa a wani ɗaki. Gabana fes. Garken kifi da kullum suke watsewa idan na huro sun tsaya inda suke, wani har ya matso yana duban gilashina. Na daɗe a wurin ban motsa ba. Sai a ranar na gane abin da ya sa masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa suka daɗe suna riƙe da irin wannan na'ura bayan kowa ya koma mai tiyo ɗaya. Mai tiyo ɗayan ma ba baƙuwa ba ce a wancan zamani, Ted Eldred ya fitar da tasa mai suna Porpoise a Ostireliya tun farkon shekarun 1950, amma sai a shekarun 1970 manyan kamfanoni suka daina ƙera mai tiyo biyu da yawa.

Wanke ta aiki ne. Bayan kowane nutso sai na cire tiyon, na ɗauraye cikinsu da ruwan daɗi, na rataye su su tsane, in ba haka ba danshi ya kwanta a cikin ƙuncin ya yi fumfuna, kuma abin da za ka shaƙa ke nan gobe. Shagunan gyara da yawa ba sa karɓar ta, don haka wanda ba shi da irin Baba kusa da shi ya nemo kafin ya saya.

Da yau zan fara, da wataƙila mai mataki biyu zan nema, irin Royal Aqua-Master ta kamfanin U.S. Divers na Amurka, wadda ta fito a 1964. Numfashinta ba ya sauyawa da raguwar tukunya, kuma akwai wani sabon ƙarfe da ake kira Phoenix da ake ɗaura mata ya ba ta ramukan agogo da na rigar iska, tukunya mai baki ɗaya ma ta wadatar. Ga wanda zai riƙa nutso da ita kowane mako, wannan ta fi dacewa. Mistral tawa kuwa na ware mata ranakun da teku ya kwanta, zurfin da bai wuce mita 20 ba, tare da abokin da na nuna wa yadda take aiki tun muna kan jirgi. Makon jiya na lura bakin agwagwar ya fara mannewa idan ta kwana biyu a ajiye, don haka ranar Asabar zan koma teburin Baba da sabon da na yi oda.