Sola ko janareta ga wanda ya gama biyan bashi, ritaya saura shekara uku

Malam, barka da sauke nauyi, Allah ya sa ka rabu da bashi ke nan. Tun da ka ce saura shekara uku ka ajiye aiki, kuɗin da ake yanke maka a albashi kuma sun dawo hannunka, kana tsakanin sabon janareta da sola, to sola za ka sa. Amma ƙarama daidai gidanka, da kuɗi hannu, ba a kan bashi ba.

Janareta dai yana da amfaninsa: kuɗin sayensa kaɗan ne, kuma yana jan famfon ruwa da dutsen guga. Iyakar abin da zan iya yaba masa ke nan. Mai ƙarfin kVA 2.5 yana shan wajen lita ɗaya a awa idan an ɗora masa kaya matsakaita. Awa uku kullum da daddare lita 90 ke nan a wata, lita 1,080 a shekara. A ce lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, ka ga naira 90,000 duk wata, ban da baƙin mai da ya kamata a juye duk bayan awa 50 zuwa 100 na aiki, wato kusan duk wata, ban da filogi da kuɗin bakanike. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, shi ya sa mutane da yawa har yau suke yi wa janareta kallon abu mai araha. Wancan zamanin ya wuce. Kuma duk da wannan kuɗi, ƙarfe goma sha ɗaya an kashe shi, sauran daren sai mafici.

Abin da ya sa na dage a kan sola ga mai irin shekarunka shi ne fansho ba ya kai albashi. A tsarin dokar fansho ta tarayya ta 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki na zuba aƙalla kashi 10, abin da ya taru a asusunka shi za a raba maka, ko dai kamfanin fanshonka ya riƙa biyanka wata-wata, ko ka sayi tsarin biya na har ƙarshen rai a kamfanin inshora. Idan ka karɓi dunƙule mai yawa a farko, na wata-wata ya ragu. Saboda haka duk wani kashe kuɗi da ke dawowa kowane wata, yanzu da albashi ke shigowa ne lokacin kashe bakinsa. Fetur na cikin manyansu. Janareta zai bi ka cikin ritaya yana neman rabonsa kullum. Sola kuwa ka biya da albashi, ka ci moriya da fansho.

Ka shiga gidan da aka yi aikin daidai, a Rigasa ko Tudun Wada a Kaduna, wajen ƙarfe biyu na dare a watan Afrilu, lokacin da bango ke mayar da zafin da ya sha da rana. Unguwa ta yi duhu, amma fanka na juyawa a ɗakin tsohuwa, jikoki na barci ba mai yi musu fifita, ba ƙara, ba hayaƙi, ba wanda ya tashi duba tanki da tocila. Da asuba a buɗe firji a sami ruwan sanyi. Ga mai hawan jini ko ciwon suga, musamman mai ajiye allurar insulin a firji, wannan ba kayan jin daɗi ba ne, lafiya ce.

Yanzu ga lissafin, don a nan ake cutar mutane. Kada ka fara da tambayar mai shago nawa ne sola. Ka zauna da Hajiya ku rubuta abin da kuke kunnawa da daddare da yawan awowinsa. Misali fanka uku masu wat 60, awa takwas, ya ba da wat-awa 1,440, wato yawan fankoki sau wat sau awowi. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa biyar, 300. Talabijin da dikoda wat 80, awa huɗu, 320. Cajin wayoyi a sa 50. Jimla 2,110 ke nan na dare ɗaya. Ka lura fanka ce ta cinye kusan kashi biyu cikin uku. Idan ka musanya su da fankokin nan masu aiki da DC, wato irin wutar batir, waɗanda ke cin wajen wat 25, kason fanka ya sauko daga 1,440 zuwa 600, jimlar dare ta koma 1,270. Sayen fanka uku ya fi ƙara batir sauƙi nesa ba kusa ba, don haka daga nan za ka fara, tun kafin ka sayi ko farantin sola ɗaya. Duk wani ƙwan fitila na da mai wat 60 ko 100 da ya rage a gidan, a cire shi.

Batir shi ne zuciyar aikin, shi ne kuma mafi tsada. Iri biyu ne a kasuwa da za ka duba. Akwai tubula mai ruwa, 220Ah (Ah ma'aunin cajin da batir ke ɗauka ne), bolt 12. Biyu a haɗe sun ba da bolt 24, a takarda wat-awa 5,280 (Ah sau bolt), amma rabi kawai ake sha idan ana so ya daɗe, wato 2,640, inbata kuma, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta ci nata kason a hanya, abin da ya iso gida ya tsaya wajen 2,200. Yana buƙatar a riƙa duba ruwansa duk wata biyu zuwa uku, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na famfo ko na leda ba, ba kuma asid ba. A ajiye shi inda iska ke shiga, ba cikin ɗakin kwana ba. Da kulawa yakan yi shekara uku zuwa biyar, idan kuwa ana tatse shi har ƙasa kullum, ko biyu ba zai cika ba.

Na biyu shi ne litiyam irin LiFePO4. Mai 100Ah a bolt 25.6 yana ɗauke da 2,560, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da an cutar da shi ba, ba ruwansa da ƙarin ruwa. Kamfanoni kan rubuta masa caji da saukewa sau 3,000 ko fiye, kuma sau 3,000 a sau ɗaya kullum ya haura shekara takwas. Ya fi tsada a farko. Amma ka duba kalanda, Malam: tubular da ka saya bana, lokacin da zai mutu ya yi daidai da lokacin da albashi ya tsaya, fansho bai gama daidaita ba. Wannan kaɗai ya isa ka jinkirta wata uku ko huɗu ka tara kuɗin litiyam. Idan dole sai tubula, ka raba kuɗin batiran gida 36, ka riƙa ware kashi ɗaya duk wata tun daga ranar da aka haɗa su.

Farantai kuwa, rana a Kaduna tana ba da kamar awa biyar na cikakken ƙarfi a yini, kuma zafi da ƙura da waya na cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Idan kana so ka cika batir ka kuma riƙe firji da rana, buƙatarka ta kai wajen 3,600 a yini, wato faranti na wat 1,000 ko sama kaɗan. Biyu masu wat 550 sun isa a yawancin shekara, na uku shi ke ceton ka a markar Agusta. A fuskantar da su kudu, a karkace kamar digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya riƙa wanke su yana gangarewa. A kula da inuwa: reshen darbejiya ko tankin ruwa da ya rufe kusurwar faranti ɗaya yana iya rage wutar duk layin. Da hunturu, hazo na kwanciya a kansu har ka iya rubuta sunanka da yatsa, sai a wanke su duk mako da sassafe da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗauki zafi. Inbata mai kVA 1.5 zuwa 2.5 ta isa, amma ta zama mai ba da tsaftatacciyar wuta irin wadda firji ke so, da na'urar caji ta MPPT, don ta fi ɗaya irin mai suna PWM tatso wuta daga faranti.

Abin da ya fi kashe sola a gidajenmu ba lalacewar kaya ba ne, dutsen guga ne da hita da famfo. Dutsen guga ɗaya na cin wat 1,000 ko fiye. Ka sa mai haɗa wuta ya ware layi daban na fanka da fitila da talabijin da firji, ya bar sauran soket a kan wutar NEPA, ta yadda ko yaro ya jona hita ba za ta taɓa batir ba. Firji a kunna shi daga hantsi zuwa la'asar, a cika shi da robobin ruwa su daskare, su za su riƙe sanyin da daddare. Idan tsohon janaretanka na tashi, kada ka sayar, a yi masa sabis a ajiye don famfo, a riƙa kunna shi a waje nesa da taga, domin hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka a kan masu sayarwa, don harkar nan ta cika da algus, kuma dattijo mai kuɗi a hannu shi suke jira. Araha ba ta ado. Ka tafi da tef na awo. Faranti mai kyau na ba da wajen wat 200 zuwa 220 a kowane murabba'in mita, shi ya sa na gaske mai wat 550 tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, nauyinsa na kusa da kilo 27. Idan aka nuna maka wanda mutum zai saƙala a hammata an manna masa takardar 550, ka juya. Tubula 220Ah da ruwansa yana kai wajen kilo 60, ƙato ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Ka duba ranar ƙira da aka buga a jikinsa, ka duba kan tagullar ko akwai alamar an taɓa ɗaure waya, domin ana wanke tsoho a sake masa kwali. A gwada a gabanka, cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. Waya kuma ka kankare bakinta da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka yi wa rufin tagulla, tana zafi tana cin wuta. Kada ka bari a tsallake abin yanke wuta tsakanin faranti da inbata, da fis a kan batir, da waya zuwa ƙasa, ka san tsawar damina a garin nan. Rasit ya ɗauki lambar kowane kaya da tsawon garanti a rubuce, kuma kada ka cika wa mai haɗawa kuɗin aikinsa sai an kwana uku ana amfani da wutar.

Za a yi maka tayin biya kaɗan-kaɗan. Ka ce a rubuta maka jimlar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka ajiye ta kusa da farashin kuɗi hannu, za ka ga ratar. Wasu irin waɗannan na'urori ma daga nesa ake kulle su idan wata ya wuce ba a biya ba. Wanda ya fito daga bashi jiya bai kamata ya koma ta wata ƙofa ba. Hanyar da ta fi ita ce ka bar albashin yadda ka saba ganinsa: ka ba banki umarni, ranar da albashi ya shigo a kwashe daidai abin da ake yanke maka a da zuwa wani asusu da ba ka riƙe katinsa. Gida ya riga ya saba rayuwa ba tare da kuɗin ba. Ka sayi ƙaramin littafi ka rubuta duk abin da ya tafi a fetur da baƙin mai da gyara na wata biyu, sannan ka raba kuɗin solar da wannan adadi na wata. Abin da ya fito shi ne yawan watannin da za ta mayar maka da kuɗinka. Idan bai kai 36 ba, ta biya kanta kafin ka ajiye aiki.

Sai dai kada sola ta cinye komai. Tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko ana iya ɗaukar watanni, don haka da zarar an gama aikin wutar, kuɗin nan su ci gaba da taruwa har su kai cefanen wata shida da kuɗin magani. Abincin ma a saye shi da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da masara ke sauka daga wajen Saminaka da Giwa. A tabbatar ta bushe sosai, idan ka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara, a zuba a buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango, ƙwari ba za su ci ba kuma ba sai an sa magani ba. A cikin wannan shekarar kuma ka je ofishin kamfanin fanshonka ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a fayil ɗin aiki da NIN da BVN, domin gyaran harafi ɗaya ya fi sauƙi kana kan kujera da bayan ka miƙa makulli.