Kosha ta kullum da kosha ta Idin Ƙetarewa: ina bambancin?

Hajiya, kin ce kin ga gwangwani biyu a wani shago a Amurka, duka da tambarin OU na kosha, wato shaidar abincin da dokar Yahudawa ta halatta, amma ɗaya an ƙara masa harafin P, kuma maƙwabciyarki Bayahudiya ta ce wannan kaɗai za ta saya a watan Afrilu. Tambayarki ita ce, ba duka kosha ba ne?

Duka kosha ne, amma dokar hawa biyu ce: ta kullum da ta Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wato Passover, wanda shi harafin P yake nufi.

Ta kullum tana duba irin abin da za a ci. Dabba sai mai rababben kofato kuma mai tuƙa, kamar yadda ya zo a Attaura, Littafin Firistoci sura 11, shi ya sa alade da zomo da raƙumi duk suka fita. Kifi sai mai ƙege da kamɓori, don haka tarwaɗa ba ta shiga. Yanka sai ƙwararren mahaucinsu, a kuma tsotse jinin naman da gishiri. Nama da madara ba sa haɗuwa a tukunya ɗaya, kwanukansu ma daban, kuma da yawa kan jira awa 6 bayan cin nama kafin su sha nono. Burodi kuwa ba ruwan wannan doka da kumburinsa.

Da 15 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa ta zo, wato cikin Maris ko Afrilu, sai hawa na biyu ya hau kan na farko, kwana 7 a Isra'ila, kwana 8 a sauran ƙasashe. Abin da ake gudu shi ne hames: alkama, sha'ir da wasu danginsu 3, idan garinsu ya taɓa ruwa ya wuce minti 18 ba a gasa ba. Ko ba a zuba yis ba, ya haramta. Da za a gwada da girkinmu, gurasa, alkaki, funkaso da taliya duk sun tafi. Abin da ya rage shi ne matsa, busasshen burodin da ake gasawa da gaggawa, don tuna fitar Bani Isra'ila daga Masar ba tare da ƙullinsu ya tashi ba.

A ganina nan ne ainihin bambancin yake. Naman alade cinsa aka hana Bayahude. Hames kuwa har mallakarsa da cin moriyarsa an hana. A sauran ranakun shekara, idan ɗan abin da bai halatta ba ya faɗa tukunya bisa kuskure, kuma abincin ya ninka shi sau 60, sau da yawa akan yafe. A kwanakin idi ko ɓurɓushin hames ya ɓata tukunyar gaba ɗaya. Saboda haka ake share gida lungu-lungu, a sauya kwanuka ko a tsarkake su da tafasasshen ruwa. Daren jajibiri a bi ɗakuna da kyandir da gashin tsuntsu ana nema, washegari da safe a ƙone abin da aka samu. Wanda kayansa suka yi yawa sai malaminsu ya sayar wa wanda ba Bayahude ba, a fanso bayan idi. Gwamnatin Isra'ila ma haka take yi, ta daɗe tana sayar wa wani Balarabe na garin Abu Gosh da ke kusa da Kudus.

Shinkafa, wake, gero da masara ba hames ba ne. Yahudawan da asalinsu Gabashin Turai ne sun al'adanci barinsu a idin, da yawa daga na ƙasashen Larabawa kuma suna ci.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe, Hajiya, tunda sayayya kike yi: tambarin kosha, da P ko babu, ba shaidar halal ba ne. Giyar inabi halattacciya ce a wurinsu, kofi 4 ma ake sha a daren farko na idin. Ki riƙa karanta kayan haɗin kafin ki saka a kwando.