Ƙamus ko Lalube Cikin Jimla?

Ɗalibin Tudun Wada mai shirin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ya ci karo da baƙuwar kalmar Turanci. Zai iya buɗe ƙamus a waya, ya samu ma'ana nan take, amma karatun ya tsinke, kuma kalma ɗaya kan zo da ma'anoni barkatai. Wacce zai ɗauka?

Ko kuma ya dubi maƙwabtan kalmar a cikin jimla: misalin da ya biyo baya, bayanin da aka saka tsakanin waƙafi biyu, ko kalmar da ke nuna akasi. Ni na fi son wannan, don abin da mutum ya tono da kansa ya fi zama a ƙwaƙwalwa, kuma ba a shiga zauren jarrabawa da waya. Amma idan kalmomi uku a jimlar duk baƙi ne, sai ƙamus.