Facin leda da tsohuwar kwalta: damina guda na zuba masa ido

Ramuka uku ne a kan titin da nake bi kullum da motar kai kaya, kuma na tsakiyar shi kaɗai ya ci mini taya biyu. Ranar da wani kamfani ya zo cike su, aka ce da leda da tsohuwar kwalta za a yi facin, sai na faka na tsaya kallo, don raina bai kwanta ba.

Ashe ba cusa shara ake yi a rami ba. Ledar an wanke ta, an busar, an yayyanka ta ƙanana. Suka zafafa tsakuwa haɗe da tsohuwar kwaltar da aka kankaro daga wani titi aka niƙa, har wajen digiri 170, suka watsa ledar a kai. Nan take ta narke ta lulluɓe kowane dutse, sannan aka zuba sabuwar kwalta aka cakuɗa. Ledar kaɗan ce, ba ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyin kwaltar ba. Na tambayi mai kula da injin ko kowace roba tana yi, ya ce ban da PVC, irin ta bututun ruwa, saboda hayaƙinta guba ne. Wannan amsar ta sa na yarda sun san aikinsu.

Dabarar lulluɓe tsakuwa da leda ta Rajagopalan Vasudevan ce, malamin kimiyyar sinadarai a birnin Madurai na Indiya, kuma tun 2015 gwamnatin ƙasar ta wajabta sa leda a aikin titunan da ke kewayen manyan biranenta. Hikimar ita ce dutsen da leda ta lulluɓe ba ya shan ruwa, ruwa kuwa shi ke haƙa rami.

Ramuka biyun farko, ma'aikatan sun yanke bakinsu tsaf, suka share, suka busar, suka shafa kwalta, suka zuba, suka danne da rola. Damina ta zo ta wuce, har yau in na hau kansu sitiyari ba ya ko motsi.

Na ukun ne ya ɓata mini rai. Yamma ta yi, suna sauri, ƙasan ramin da danshi, suka zuba haka nan. Wata biyu bai cika ba gefensa ya fara ɓarewa, yanzu ya koma yadda yake. Ban ga laifin leda ba, gaggawa ce.

Abin da ke damuna har yanzu shi ne burbushin roba. Titi yana gogewa, ruwa kuma yana kwashe abin da ya goge zuwa magudana, ina so a riƙa auna wannan da gaske.

Da ni ke ba da kwangila, zan sake kiransu, amma da sharaɗin in ga ramin ya bushe kafin a zuba komai a ciki.