Gashin Ƙashi a Gida ga Mai Kumburin Laka Bayan Korona

Akwai wata cibiya da ke tura ma'aikatan gashin ƙashi gida-gida a birnin Kano, kuma mun nemi aikinta ne saboda yayata, wadda ƙafafunta suka mutu makonni kaɗan bayan ta warke daga korona a shekarar 2021. Hoton MRI ya nuna kumburi a lakarta. Likitoci sun bayyana mana cewa garkuwar jiki ce, bayan ta gama yaƙi da ƙwayar cutar, ta juya ta afka wa rufin jijiyoyin laka. An yi mata allurar sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin rage kumburi, ta jijiya kwana 5, sannan aka sallame ta ba ta iya tsayuwa, ba ta kuma iya riƙe fitsari.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ma'aikaciyar da aka turo ba ta taɓa jikin marar lafiya ba sai da ta karanta takardun asibiti tsaf. Ta san bambancin wannan ciwo da shanyewar ɓarin jiki, ta kuma san bambancinsa da ciwon jijiyoyi da ake kira Guillain-Barré, wanda shi ma aka riƙa ganinsa a jikin masu korona tun 2020, amma shi jijiyoyin da ba na cikin laka ba yake kamawa, yawanci ya faro daga ƙafa ya hauro sama. Ta fara da lanƙwasa gaɓoɓi don kada su sandare, daga nan zama a bakin gado, sai tsayuwa da abin dogarawa, ba gaggawa kuma ba alkawarin ƙarya. Ta koya mana juya yayata duk bayan awa 2, kuma da wannan Allah ya kare ta daga gyambon kwanciya.

Inda cibiyar ta gaza shi ne lamarin mafitsara. Ba su da ma'aikacin jinya mai kula da robar fitsari, alhali ta nan ne cuta ke saurin shiga jikin irin waɗannan majinyata, don haka sai da muka nemo wani daban. Kuɗinsu ma yana da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, tunda jinyar ta watanni ce.

Duk da haka ina ba da shawarar a neme su, amma sai bayan likitan jijiyoyi ya gama nasa aikin. Wanda ƙafafunsa suka fara nauyi yau, ko fitsari ya tsaya masa, ko numfashi ke yi masa wuya, asibiti za a garzaya da shi nan take.