Na sa wa Homa sabon shokazoba mai gas, Ogere ta gwada min shi

Inna ce ta raɗa wa motata suna kwale-kwale, kuma tun daga Sallar bara ba wanda ya sake kiranta Homa a gidanmu na Agege. Hiace ce mai dogon kai, ƙirar 2008. Da na saye ta na cire kujerun baya, kafinta ya buga min gado da akwatuna a ƙarƙashinsa, na sa tankin ruwa mai lita 100, batirin sola 2, tukunyar gas da ɗan labule. Turawa suna da motocinsu na yawo masu ɗaki da kicin da banɗaki. Tawa ta talaka ce, dabara ce kawai don in riƙa kai Inna Yawuri a kwance, domin bayanta ya daina jure zaman kujera daga Ikko har Kebbi.

Gado dai ya yi, motar ce ta ƙi. In ta faɗa rami ɗaya sai ta yi lilo sau uku ko huɗu kafin ta nutsu. In tirela ta wuce ni a hanyar Badun, iskarta kawai ta isa ta sa bayan motar rangaji, ni kuma ina kokawa da sitiyari da hannu biyu. In na taka birki ta dunƙufar da kai kamar rago zai yi karo. Ranar da na shafa tayoyin baya na ji sun cinye nan tudu nan kwari, sannan na leƙa ƙasa na ga shok ɗin hagu, wato shokazoba mai hana mota lilo, jiƙe sharkaf da mai, ƙura ta manne masa kamar an shafa masa laka, na san zance ya ƙare.

Kowa ya san inda ake zuwa, kasuwar kayan mota ta Ladipo, kuma kowa ya san yadda kuɗin kaya ya koma, ba sai na tayar wa kowa da hawan jini ba. Sunayen da za ka ji ana kira su ne KYB na Japan, Monroe na Amurka, wani lokaci Bilstein na Jamus in mai shagon yana son ya nuna maka shi babba ne, sai kuma tarin tokumbo da aka wanke aka fesa wa baƙin fenti. Na riga na yi rantsuwa ba zan sake sayen tokumbo ba, don wanda ya mutu a ƙarƙashin motar ma tokumbo ne, bai yi shekara ba. Na ɗauki sababbi guda 4, masu gas. Ba zan faɗi na wane kamfani ba, ba kuma zan faɗi shagon ba, saboda abin da zai zo a gaba. Mai shagon ya ciro ɗaya daga kwali, ya kafa shi a ƙasa ya danne da ƙirjinsa, ya saki, sandar ta taso da kanta a hankali. Da guntuwar Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Alhaji, wannan zai ɗaga maka baya, mota zai miƙe." Na riƙe wannan maganar, don a kanta na ƙara kuɗi.

Bakanikena ya ɗaura su wata ranar Alhamis, ana gab da kiran Magariba, yana sauri yaransa suna sauri. Washegari bayan Juma'a na bi ta Oworonshoki na hau gadar Third Mainland don gwaji, tunda tsawonta ya kusa kilomita 12 kuma tana da mahaɗan ƙarfen nan da a da kowanne sai ya sa motar ta yi sujada. Wannan karon ƙif ɗaya take yi ta wuce. Na ji daɗi, amma ban ce komai ba, don motar ba kaya, kuma gadar tun gyaran 2024 ta yi santsi, ko amalanke ya hau zai yi alfahari.

Ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne ranar tafiya. Mun tashi bayan Asuba, ni da ƙanena a gaba, Inna a gado, uwargida da yara biyu a kujerar da ta rage. Tanki cike, buhun shinkafa 2, jarkar manja, akwatunan tsaraba, kayan da in ka ce a rage sai a ce kai ne ba ka son zumunci. Muka wuce Berger da Kara, muka haye doguwar gada, muka bar Shagamu. Duk wanda ya san garin Ogere da ke hanyar Badun ya san yadda tireloli da tankoki ke jeruwa a bakin titi, hagu da dama, har ba ka ganin abin da ke fitowa daga tsakaninsu. Ina kan 80, ban fi ba. Sai ga ɗan acaba ya faso daga tsakanin tanka biyu, da galan-galan ɗaure a bayansa, kansa a juye yana magana da wani. Bai ko kalli titi ba.

Ban san lokacin da na taka birki na murɗa hagu ba. A hagun kuma akwai wata doguwar mota tana tahowa a bayana da hon, dole na sake murɗowa dama nan take, tayar baya ta faɗa wani gefen kwalta da ya ɓare. Wanda ya taɓa tuƙa mota mai dogon kai da kaya a baya ya san murɗa ta biyun nan ita ce ke kayar da mutum, don motar ba ta gama dawowa daga kwanciyar farko ba ka sake jefa ta ɗaya gefen. Ƙanena ya dafe gaban mota yana salati da ƙarfi. Ni kuwa jikina ya riga ya shirya wa lilon da na saba, ina jiran bayan ya ɗauke. Bai ɗauke ba. Ta kwanta hagu sau ɗaya, ta taso, ta kwanta dama kaɗan, ta miƙe, kamar wani ya dafa ta daga sama. Ɗan acaban ya wuce abinsa, wallahi ko waiwaye bai yi ba.

Na gangara gaba kaɗan na tsaya, ƙafata ta dama tana rawa a kan birki ba na iya hana ta. Uwargida ta rungume yaran tana kuka ba sauti. Na juya na ɗaga labule. Filas ɗin shayin da na saƙala a gefen gado yana nan tsaye, carbi na hannun Inna, ta buɗe ido ɗaya. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, har an iso Badun ne?" Na ce, "A'a Inna, taya nake dubawa." Ta ce, "To Allah ya tsare," ta koma barcinta. Wannan matar, a tafiyar bara, tun kafin Shagamu ta yi amai sau biyu.

Allah ne ya kiyaye, wannan ba musu. Amma sababin na gane shi daga baya. Birki ba ya kama iska, sai taya tana manne da ƙasa. Mataccen shok yana barin taya ta riƙa tsalle kamar ƙwallo, kuma duk lokacin da ta tashi, birki da sitiyari ba su da abin riƙewa. Aikin shok shi ne ya tilasta wa mai bi ta ƙananan ƙofofi, ya shanye lilon sifirin ya mayar da shi zafi. Na mai zalla in ya sha gargada ya yi zafi, man yakan yi kumfa, sai ya saki. Mai gas an matse masa iskar naitirojin a ciki don kumfar ta kasa tashi. A Ogere, da na tambayi kaina nawa na biya, na ce ko ninki biyu ne ya halatta.

Da a nan tafiyar ta ƙare da sharhin nan yabo ne zalla. Amma akwai hanyar Oyo zuwa Ogbomosho. Muna cikin wannan gargadar da layin tireloli sai na fara jin ƙwas, ƙwas, daga baya ta hagu. Kafin mu shiga Ilori ya zama ƙwaram, kamar ana buga guduma a ƙarƙashin gadon Inna. Shok ɗin da bai yi kwana 4 ba! Raina ya ɓaci, na riga na yanke cewa jabu aka sayar min, har na fara tsara zagin da zan kai Ladipo.

Wani dattijon bakanike a bakin hanya, kafin shataletalen Geri Alimi, ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙasa da tocila. Ya jima, sannan ya kira ni, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Robar idon shok ɗin ta ƙasa ta tsage, ta leƙo waje kamar harshen akuya, ƙarfe yana bugun ƙarfe. Ya tambaye ni ko motar tana kan jak aka ɗaure notin. Na ce ƙwarai, a gabana ma. Ya girgiza kai. Ashe ƙa'ida ita ce a saka noti sako-sako, a sauke mota ta zauna da nauyinta, sannan a ɗaure tamau. In ka ɗaure taya na reto, to da an sauke motar robar ta murɗe ke nan, a murɗe za ta yi ta aiki har ta yage. Ya ciro shok ɗin ya danna a ƙasa, ya taso lafiya lau, ko ɗigon mai babu. Kayan ba su da laifi, hannun da ya ɗaura ne.

Neman robar da ta yi daidai ya cinye mana yammacin gaba ɗaya. Niyyata mu kwana Mokwa, sai ga mu a gidan mai a Ilori, sauro na ta biki. Inna kaɗai ce ba ta damu ba, ta ce ai ga amfanin gadon. Dattijon ya sassauta sauran ukun ya sake ɗaure su motar na ƙasa, kuma a nan ne wani ɓacin ran ya fito: robobin saman na gaba tsofaffi ne, waɗanda aka cire daga matattun. Sai na tuna kwalaye biyu a buɗe aka ba ni su, ba ledar robobi da wosha a ciki. Ko a shago aka zare, ko a gareji ta yi ƙafa, har yau kowa na nuna ɗan'uwansa. Shekara 6 ina kai wa bakanikena na Ikko mota, yaransa sun ci tuwon gidana. Da na dawo na faɗa masa, buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Maigida, ai haka muke yi kullum." To shi ya sa kullum muke dawowa.

Sannan maganar mai shago, wai zai ɗaga min baya. Ƙarya ce tsagwaronta. Na auna da tef daga ƙasa zuwa bakin mudgad kafin a sa da bayan an sa, da kaya iri ɗaya, bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Shok ba ya ɗaukar nauyi. A Hiace sifirin mai ganye ne ke ɗauke da baya, gaba kuma sandar ƙarfe ce mai murɗawa. Ruwa lita 100 kilo 100 ne cif, batiran nan kowanne sai mutum biyu sun kama, ga gadon katako, duk suna zaune a kan ganyen da ya riga ya gaji. Sai da na dawo Ikko aka ƙara min ganye ɗaya kowane gefe kafin bayan ya tashi, wani kuɗin daban da ban shirya masa ba. Da ya faɗa min gaskiya tun farko da zan saya duk da haka, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Daga Ilori zuwa Jebba, Mokwa, Kontagora har Yawuri, da dawowa, ban sake jin ko ƙis ba, kuma hanyar nan ba ta raga wa kowa. Ban isa gida da ciwon kafaɗa ba kamar yadda na saba, don ba na yini ina gyara sitiyari. Amma kada wanda zai saya ya zaci katifa zai hau. Mai gas yana da tauri. Da kaya motar kamar jirgin ƙasa take, amma ranar da na sauke komai na shiga lungunan Agege, kowane tudun rage gudu da kowane murfin kwalbati sai na ji shi a haƙorina. Uwargida ta ce gara kwale-kwalen a cikin gari. Na rage iskar taya zuwa abin da ke rubuce a jikin motar, don masu faci sun saba dura min fiye da kima, ya ɗan yi sauƙi, bai tafi duka ba. Ƙarin ganyen ma ya ƙara taurin, wannan kuma ni na jawo.

In yau za a sake, na baya zan sa mai gas ba tare da tunani ba. Na gaba ne nake kokwanto, wataƙila in nemi mai ɗan laushi. Kuma zan tsaya a kan bakanike da kaina har sai ya sauke jak kafin ya ɗauko sifana, ko zai ji haushi. Tsagaggiyar robar tana nan a aljihun gaban mota tare da rasit. Asabar biyu ke nan ina shirin komawa wurin mai shagon kan ledar nan, ruwan sama yana hana ni, don in aka yi ruwa layinsu sai da takalmin roba.